Babi na Shida: Tsibirai Uku a Tekun Girka

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar ƙasar Girka yana shirin hutun mako guda, kusancin tsibiran ne zai fara ruɗarsa. A takarda ga su nan birjik, har mutum ya ɗauka zai karya kumallo a wannan, ya yi Azahar a wancan, ya kwana a na uku. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar tana lissafa tsibirai manya da ƙanana kimanin 6,000, amma 227 ne kaɗai ke da mazauna, kuma ba a dunƙule suke wuri ɗaya ba. Akwai na yamma irin su Korfu, masu ruwan sama da itatuwa. Akwai na gabas da ke dab da gaɓar Turkiyya, irin su Rodos da Kos da Lesbos. Can kudu ga Kirit, mai tsawon kilomita 260, wanda shi kaɗai ya ishi mutum hutu guda. A tsakiya kuma sai rukunin Kiklades, masu fararen gidajen nan da ake gani a hotuna. Yawancin jiragen fito daga tashoshin da ke kusa da Atina suke tashi, su bi rukuni ɗaya su komo. Tsallakawa daga wani rukuni zuwa wani yakan ci yini, wani lokaci ma sai an koma Atina an sake hawa.

Shawarata ga mai gajeren hutu ita ce ya kwana a tsibiri biyu, ya leƙa na uku da rana, ya haƙura da saura. Wanda ya jera biyar a mako ɗaya zai koma gida ya san tashoshin jiragen ruwa biyar, bai san gari ko ɗaya ba. Ukun da na zaɓa su ne Naksos da Delos da Santorini. Suna kusa da juna, amma kowanne da yadda ya yi da abubuwa biyun da ke mulkin wannan teku, wato iska mai ƙarfi da ƙarancin ruwan sha.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Girka tana cikin yankin Shengen, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai ya nemi biza, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanin asusun banki, da inshorar lafiya wadda za ta iya biyan Yuro 30,000. Kuɗin bizar kanta Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Ana tsananta bincike, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin tekun da za a je hutun. A 2015 mutane fiye da 850,000 suka shiga Girka ta ruwa, yawancinsu a ƙananan jiragen roba daga Turkiyya, fiye da rabinsu a Lesbos suka sauka. Ranar 14 ga Yunin 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Tobruk ta Libiya maƙare da ɗaruruwan mutane ya nutse a kudu maso yammacin ƙasar, mutum 104 kawai aka ceto. A 'yan shekarun nan jiragen da ke tasowa daga gabashin Libiya suna nufar Kirit, da 'yan Sudan da yawa a ciki. Mu da muka san abin da hanyar Agadas zuwa Libiya ta ci, bai kamata mu hau wannan ruwa da tikiti a hannu mu manta da waɗanda suka hau shi ba tikiti ba.

Sai zaɓen wata. Damina a can da sanyi take zuwa. Daga Mayu zuwa Satumba da wuya a ga ɗigon ruwa. A Yuli da Agusta ne taro ya fi yawa, kuɗin masauki ya fi tashi, kuma a lokacin ne iskar da suke kira meltemi ta fi ƙarfi. Busasshiyar iska ce daga arewa, kamar ta hunturu a wajenmu, sai dai ita da zafi take zuwa kuma ba ta ɗauko ƙura. Takan yi kwanaki tana kaɗawa ba sassauci. Tana rage zafi, tana share sararin sama, tana kuma tayar da teku. Idan ta kai wani mizani hukumar tashar jiragen ruwa takan hana tashi, ba kuma mai roƙon da zai sauya wannan hukunci. Ƙarshen Mayu da Yuni da tsakiyar Satumba sun fi daɗin tafiya.

Daga filin jirgin saman Atina jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum har tashar Pireyas cikin kamar awa ɗaya. Jiragen fito iri biyu ne. Akwai ƙanana masu gudu, waɗanda ke rage kusan rabin lokaci amma su ninka kuɗi, su kulle fasinja a kujera bayan gilashi, kuma su ne na farko da iska ke jijjigawa ko ta tsayar. Akwai manya irin na kamfanin Blue Star, masu ɗaukar motoci da tireloli a cikinsu, waɗanda ke tashi da sassafe su isa Paros cikin kamar awa huɗu, Naksos awa biyar da 'yan kai, Santorini wajen awa takwas. Babban nake ba da shawara. Yana da fili a sama inda za a zauna a sha iska, kuma a nan ake ganin cewa jirgin nan ba na masu hutu kaɗai ba ne. Shi ne ke kai wa tsibiran gari da siminti da magani, shi ne ke dawo da tsohuwar da ta je asibiti a Atina. A kowace tasha 'yan mintoci yake yi. Tun bai gama tsayawa ba ake sauke ƙofar baya, ma'aikata na daka tsawa, masu sauka na fita, masu hawa na shiga, tireloli na bi ta tsakaninsu. Wanda ya tsaya neman jakarsa sai ya sauka a tsibirin gaba.

Abin da ke fara tarar mai shiga Naksos wata ƙatuwar ƙofa ce ta farin dutse, tsaye ita kaɗai a kan wani ɗan tudu a bakin teku, ba bango ba rufi. Sunanta Portara. Wani mai mulki da ake kira Ligdamis ne ya fara gina ɗakin bauta a wurin wajen shekara ta 530 kafin Miladiyya, mulkinsa ya faɗi aikin bai ƙare ba. Daga baya aka yi ta kwasar duwatsun ana wasu gine-gine, ƙofar kuwa aka bar ta domin kowane dutse nata ya kai kimanin tan 20. Da yawa daga duwatsun da aka kwashe suna cikin ganuwar da ke saman garin, wadda Marko Sanudo, mutumin Benis, ya kafa bayan ya ci tsibirin a 1207. Lungunan da ke hawa zuwa ganuwar matsattsu ne, suna murɗewa, wasu an rufe su da bene. An yi su haka ne don su karya iska, su kuma ɓatar da 'yan fashin teku da suka addabi yankin ɗaruruwan shekaru.

Amma dalilin da ya sa na fifita Naksos yana can ciki, nesa da gaɓa. Shi ne mafi girma a rukunin, kusan murabba'in kilomita 430, kuma yana da dutsen Zas mai tsawon mita dubu da ɗoriya, wanda ke tare gajimare. Saboda haka yana da maɓuɓɓugai da kwaruruka masu danshi, abin da maƙwabtansa ba su da shi. Ko ba baƙi yana iya ciyar da kansa. Dankalin turawansa ya yi suna a duk faɗin Girka, haka ma cukunsa na madarar shanu da ake kira graviera. A hau bas daga bakin tasha zuwa Halki da Filoti, a ratsa kwarin Tragea mai cike da itatuwan zaitun da tsofaffin ƙananan coci-coci, a wuce zuwa Apiranthos inda hatta daɓen tituna da matakala na farin dutse ne. A gangaren da ke bayan wannan ƙauye ake haƙo wani baƙin dutse mai tsananin tauri, wanda da shi masu sassaƙa na dā suke goge farin dutsen har ya yi sheƙi. Can arewa kuma, kusa da ƙauyen Apollonas, wani mutum-mutumi mai tsawon fiye da mita 10 yana kwance a inda aka fara sassaƙa shi shekaru fiye da 2,500 da suka wuce. Ba a ƙarasa shi ba, ba a ɗaga shi ba. Ana ganin sawun guduma a jikinsa, kuma ba shinge tsakaninsa da mai kallo.

Duk da wannan albarka, ruwan Naksos ma ya fara gazawa. A tsakiyar 2024 babbar madatsar tsibirin ta ƙafe bayan damuna biyu marasa kirki, manoman dankali suka ji a jikinsu, a daidai lokacin da masaukan baƙi ke cike. Wanda ya fito daga ƙasar da aka san darajar guga ɗaya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan gajarta wanka a irin wannan wuri.

Maganar ci tana bukatar kula. Tsiren da ake sayarwa ko'ina, suvlaki, da yankakken naman da ake naɗewa a gurasa, giros, idan ba a faɗi komai ba na alade ne. A riƙe kalmomi uku: hirino shi ne alade, kotopulo kaza, arni rago. Wanda ke son kauce wa shakkar yanka gaba ɗaya ba zai kwana da yunwa ba, don ga gasasshen kifi, ga tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, ga wake, ga haɗin tumatir da kokwamba da albasa da man zaitun da cuku a kai. Bayan cin abinci mai gida kan kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta. Sau da yawa barasa ce, a Naksos ta ganyen wani irin lemo ce, kuma in an ce an gode ba a sha ba mai jin haushi. Masallaci kuwa babu a waɗannan tsibirai, sai a yi salla a masauki, alƙibla tana kudu maso gabas. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta mulki Kiklades amma Turkawa kaɗan ne suka zauna. Mai son ganin wancan tarihi sai Rodos, wanda sarkin daular, Sulaiman, ya ci a 1522, inda har yau akwai masallatai da al'ummar Musulmi. Sun tsira daga musayar jama'a da aka yi tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 ne saboda a lokacin tsibirin yana hannun Italiya.

Daga Naksos, a watannin baƙi, ƙananan jirage suna kai mutane Delos da safe su biya ta Mikonos su dawo da yamma. Mikonos gari ne mai kyau da tsada da kiɗan dare, awa biyu sun isa. Delos ne abin zuwa.

Ɗan tsibiri ne da bai kai murabba'in kilomita huɗu ba, ba inuwa, ba masauki, ba a yarda baƙo ya kwana ba, sai masu gadi da masu binciken tarihi. Girkawan dā sun ɗauke shi wuri mai tsarki domin a tatsuniyarsu nan aka haifi gumakansu Apollo da Artemis. A shekara ta 478 kafin Miladiyya biranen Girka suka haɗa ƙawance suka ajiye baitulmalinsu a nan, sai a 454 mutanen Atina suka kwashe shi zuwa garinsu. A 426 suka tone duk kaburburan tsibirin, suka kafa doka cewa ba a haihuwa ba a mutuwa a Delos: mai naƙuda da mai jinya da ya yi nisa, a sa su a kwale-kwale a tsallaka da su tsibirin Riniya da ke kusa. An yi dokar da sunan tsarki, amma ta kuma tabbatar da cewa ba wanda zai ce nan mahaifarsa ce ko nan kakansa ke kwance.

Wajen shekara ta 167 kafin Miladiyya Rumawa suka mai da shi tasha marar haraji, fatake suka kwararo daga Italiya da Siriya da Masar. An ƙiyasta mazaunansa sun kai 30,000 a wannan ɗan wuri. Har yau ana bin titunansu, ana shiga gidajen attajirai masu daɓen ƙananan duwatsu kala-kala, kuma a ƙarƙashin kusan kowane tsakar gida akwai ramin tara ruwan sama. Ga wuraren bautar gumakan Masar, ga na Siriya, ga majami'ar Yahudawa da ake lissafawa cikin mafi tsufa a wajen Falasɗinu. Babbar hajar kasuwar kuwa mutane ne. Masanin ƙasa Strabo ya rubuta cewa Delos na iya karɓar bayi dubu goma ya sallame su a rana ɗaya. Ko da a ce ya ƙara gishiri, dukiyar da ta yi waɗannan daɓe daga nan ta fito, kuma ya kamata mai yawo ya san a kan me yake takawa. A shekara ta 88 kafin Miladiyya sojojin Sarki Mitridates suka afka wa tsibirin suka yi kisa mai yawa, a 69 'yan fashin teku suka ƙarasa abin da ya rage. Bai sake farfaɗowa ba. Masana daga Faransa suna tono a wurin tun 1873, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1990. Zakokin farin dutsen da ke jere a fili kwafi ne, na ainihin, waɗanda mutanen Naksos suka ba da kyauta, suna cikin gidan tarihin tsibirin. A zo da hula da ruwa mai yawa, a kuma daure a hau ɗan dutsen Kintos. Daga samansa ake ganin tsibiran kewaye ta kowace fuska.

Santorini a babban jirgi ya kamata a shige shi, kuma a tsaye a sama. Jirgin yana ratsa wata kafa sai mutum ya ga kansa cikin wani ƙaton kwano na ruwa, bangayensa ja da baƙi sun miƙe har mita 300, fararen gidaje na maƙale a leɓensu. Wannan kwano bakin dutse ne mai aman wuta. Kimanin shekaru 3,600 da suka wuce ya yi wata fashewa da ke cikin mafi girma a tarihin ɗan Adam, tsakiyar tsibirin ta rufta, teku ya cike gurbin, toka ta binne abin da ya rage. Baƙin tsibirin da ke tsakiyar kwanon, Neya Kameni, a 1950 ya yi amansa na ƙarshe, kuma har yanzu yana huci.

Tokar ta yi amfani ta hanyar da ba a zata ba. Tana ba da siminti mai kamawa a cikin ruwa, don haka aka yi ta haƙarta ana kaiwa aikin mashigin Suez a shekarun 1860, kuma a wajen haƙar ne aka fara cin karo da bangayen mutanen dā. A 1967 Spiridon Marinatos ya fara tono a Akrotiri, a kudancin tsibirin, ya fito da gari sukutum: gidaje masu hawa biyu da uku, magudanan ƙazanta a ƙarƙashin tituna, manyan tuluna a ɗakunan ajiya, da zane-zane a bango na masunci riƙe da kifi, da yara biyu suna dambe, da birai shuɗɗa waɗanda ba a tsibirin suke rayuwa ba, alamar mutanen sun yi fatauci mai nisa. Ba a sami gawarwaki a garin ba, ba a kuma sami kayan ƙawa masu daraja sosai ba. Girgizar ƙasa ta riga aman wutar zuwa, mutanen suka ɗauki gargaɗin suka kwashe abin da za su iya suka fita. An rufe wurin da rumfa, ana zagaya shi a inuwa. Duk wanda ya je Santorini bai shiga Akrotiri ba, a ganina ya bar abin da ya fi cancantar kuɗin jirginsa.

Tsibirin ba shi da kogi. A dā ruwan sama ake tarawa a ramuka, yau kuma na teku ake tacewa. Manoma sun koyi zama da wannan hali. Kurangar inabi ba a ɗora ta a kan sanda, naɗe ta ake yi a ƙasa ta zama kwando, 'ya'yan su girma a ciki inda iska ba za ta kakkaɓe su ba, tokar kuma ta tsotse raɓar dare ta shayar da saiwa. Haka ake noman ƙananan tumatir da wani wake mai rawaya da suke kira fava, ba ban ruwa. Su ma gidajen da ke jikin gangaren asalinsu koguna ne da talakawan matuƙa jirgi suka haƙa cikin toka, masu jiragen kuma suka gina nasu a sama. Girgizar ƙasa ta 9 ga Yulin 1956 ta kashe mutane fiye da 50, ta rushe gidaje masu yawa, jama'a suka yi ta ƙaura zuwa Atina. Waɗannan kogunan da aka gudu aka bari yau suna cikin ɗakunan kwana mafi tsada a ƙasar, da yawansu da kwamin wanka a ƙofa, a tsibirin da ba shi da ruwa.

Mazauna kimanin 15,500 ne, baƙi kuwa sun haura miliyan uku a shekara. A wata rana ta Yulin 2024 an sa ran fasinjojin manyan jiragen yawo 17,000 za su sauka, har wani jami'in yankin ya shawarci 'yan gari su rage fita. Daga 2025 aka ƙayyade su zuwa 8,000 a rana, aka kuma sa wa kowannensu harajin Yuro 20 a tsakiyar lokacin baƙi. A farkon shekarar ne kuma ƙasa ta yi makonni tana rawa tsakanin Santorini da Amorgos, aka rufe makarantu, dubban mutane suka bar tsibirin kafin abin ya lafa.

Ana iya kauce wa turmutsutsun. A sauka a Pirgos ko Emboriyo, ƙauyukan ciki inda har yanzu ake jin ƙararrawar coci da muryar yara, ko a Perissa mai baƙin yashi. Hanyar ƙafa daga garin Fira zuwa garin Iya, kimanin kilomita 10 a kan leɓen kwanon, a bi ta bayan Asuba kafin rana ta yi zafi. Faɗuwar rana da ake tururuwar kallo a Iya ana ganinta sarai daga hasumiyar jiragen ruwa ta Akrotiri ba tare da an taka ƙafar kowa ba. Alfadaran da ke hawa da mutane matakala kusan 600 daga tsohuwar tasha zuwa Fira kuwa, ina roƙon a bar su su huta. Tun 2018 aka hana ɗora musu fiye da kilo 100, amma dabbar da ke hawa da sauka a wannan rana tana shan wuya ko da an bi doka, ga kuma keken igiya a gefe mai kai mutum sama cikin 'yan mintoci.

Komawa Atina daga Santorini ƙasa da awa ɗaya ce a jirgin sama, yini guda a babban jirgin ruwa. Ko wanne aka zaɓa, daren ƙarshe a Atina za a yi shi, kada a haɗa fitowa daga tsibiri da jirgin komawa gida a rana ɗaya. Idan meltemi ta tashi aka hana jiragen ruwa fita, kujerun jirgin sama cikin 'yan awoyi suke ƙarewa, kuma kwanakin da aka rubuta a biza ba sa ƙaruwa don teku ya ƙi kwanciya.